Korona da Abin da Ta Ke Yi wa Ruwan Jini

 

Yau zancenmu a kan jini ne, da abin da cutar korona ta ke yi masa in ta tsananta. Na san wani zai ce, "Haba Malam, ai korona ta wuce, me kuma ya tono ta?" To, gaskiya ne, ran 5 ga Mayu, 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwa cewa cutar ta fita daga matsayin annobar gaggawa. Amma sanarwa ba ta kashe ƙwayar cuta. Tana nan tana yawo cikin mutane tare da mura, kuma har yau ta kan kā da dattijo, ko mai ciwon sukari, ko mai hawan jini. Ban da wannan, abin da za ku ji yau zai amfane ku ga sauran cututtukan ƙirji masu tsanani, domin kusan hanya guda jini ya ke bi in jiki ya shiga babban yaƙi.

Mutanen Kaduna ba su manta da shekarar 2020 ba. Ran 27 ga Fabrairu aka sami mutum na farko mai cutar a Nijeriya, wani Bature ɗan Italiya, a Ikko. Ran 26 ga Maris aka kafa dokar hana fita a Jihar Kaduna, dare da rana, aka rufe kasuwa da masallatai da majami'u. Bayan kwana biyu Gwamnan wancan lokaci, Malam Nasiru El-Rufa'i, ya faɗa da bakinsa cewa an auna shi an sami cutar, shi ne kuwa na farko a jihar. Azumin shekarar a kulle aka yi shi. Ku mutanen Unguwar Mu'azu da Kabala da Tudun Wada kun tuna yadda tituna suka yi tsit, da yadda a ke kai waɗanda suka kamu asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kakuri. Gwamna ya yi kusan mako huɗu ya warke. Amma Malam Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar Shugaban Ƙasa, cutar nan ce ajalinsa ran 17 ga Afrilu. A Kano kuwa, cikin watan Afrilun nan, dattawa suka dinga mutuwa har masu haƙar kabari suka gaji. Daga baya Ministan Lafiya, Dakta Osagie Ehanire, ya ce an ƙidaya mutum 979, kuma bincike ya nuna rabinsu ko fiye korona na da hannu a mutuwarsu. Fiye da rabi a gida suka cika, ba su je asibiti ba.

Ga abin tambaya. Cuta ɗaya ce, amma wannan ya yi mura ta kwana biyar ya tashi, wancan ya yi kamar ya sami sauƙi, sai a mako na biyu numfashi ya gagare shi. Me ya bambanta su? Likitocin duniya sun neme amsar, kuma babban rabonta a cikin ruwan jini suka same shi.

Bari mu fara da abin da kowa ya sani. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin yankan ragon layya, ko ya je kwata, ya ga yadda jini ya ke yi in an bar shi cikin kwano. Ba ya daɗewa sai ya daskare ya zama guda kamar hanta, in an ƙara jimawa kuma sai wani ruwa fatsi-fatsi ya tsatso a gefe. Irin ruwan nan ne ku ke gani cikin bororo in wuta ta ƙona mutum. Watau jini abu biyu ne a haɗe, ƙwayoyi da ruwa, ruwan ma ya ɗan fi rabi. Babban mutum yana da jini kamar lita 5, misalin ledar fiya wata goma ke nan, kusan lita 3 a ciki ruwa ne.

Ruwan nan ba ruwa ba ne ziryan. Cike ya ke da waɗansu abubuwa narkakku da a ke kira furotin, dangin abin da ke cikin farin ƙwai, da nama, da wake. A kowace lita ta ruwan jini akwai furotin giram 60 zuwa 80, nauyin babban ƙwan kajin gidan gona. Iri-irinsu sun fi dubu, kowane da aikinsa. Wani ɗan dako ne, yana ɗaukar kaya daga wannan gaɓa zuwa waccan. Wani ɗan aike ne, wani mai gadi, wani kuwa magini ne mai toshe ɓaraka in an ji rauni. Mafi yawansu hanta ce ke ƙera su. Ku ɗauki hanta kamar maƙerar gari. In ana zaman lafiya, garma da fartanya da lauje a ke ƙerawa. In aka buga gangar yaƙi, sai maƙera su ajiye wannan su koma ƙirar mashi da kibiya. Wanda ya leƙa maƙera zai san halin da gari ke ciki ko ba a gaya masa ba. Haka likita ya ke leƙa ruwan jini.

To, mu ɗauki misali. A ce ga wani dattijo a Unguwar Mu'azu, shekarunsa 65, yana da ciwon sukari, ya je ɗaurin aure ya shaƙo ƙwayar korona. Ƙwayar ta sauka a hanci da maƙogwaro, ta shiga hayayyafa. Bayan 'yan kwanaki sai zazzaɓi, da ciwon kai, da kasala, da tari, watakila kuma ya daina jin ƙanshi da ɗanɗanon abinci. A wannan mako na farko akwai wani furotin da jiki ya ke saki da sauri, sunansa intaferon. Shi ne mai gadin da ya fara jin motsin ɓarawo, ya yi kururuwa maƙwabta su rufe ƙofa. Wanda intaferon ɗinsa ya tashi da wuri, yawanci a nan cutar ta ke tsayawa. Ga tsoho kuwa mai gadin ya kan makara. Har ma a shekarar 2020 masana a Faransa da Amurka sun auna jinin mutum 987 da cutar ta kai bakin mutuwa, suka sami 101 da jikinsu da kansa ya ke ƙera abin da ke ɗaure intaferon, kusan dukkansu kuwa maza ne. Wannan yana cikin dalilan da suka sa dattawa maza suka fi shan wuya.

In mai gadi ya makara, ɓarawo ya wuce zaure ya shiga cikin gida, watau ƙwayar ta gangara huhu. Nan fa a ke yin ta. Tsakanin kwana na bakwai da na goma jiki ya kan farga, amma fargar ta zo da ruɗewa. Sojojin jini suka yi ca a huhu, suka saki wani ɗan aike mai suna intalukin 6. Shi ne sankira, shi ke bin gari yana yekuwar yaƙi, kuma maƙerar hanta ya ke fara zuwa.

Abin farko da hanta ta ke zubowa shi ne wanda za ku gani a takardar awo an rubuta CRP. Tun 1930 aka gano shi a Amurka, a jinin masu ciwon huhu. Ga mai lafiya bai kan wuce miligiram 5 a lita ba, ɗan mitsitsi ke nan. In wuta ta kama a jiki, cikin awa shida zuwa takwas ya fara hawa, kafin kwana biyu ya kai ƙololuwa. Ga mai korona mai tsanani a kan gan shi ya haura 100, wani lokaci 200 ko fiye. Kyawunsa ga likita shi ne yana saurin hawa yana saurin sauka, saboda haka in an auna yau an auna jibi, za a san ko wutar ruruwa ta ke ko lafawa.

Akwai kuma feritin, wanda aikinsa ajiyar sinadarin ƙarfe, kamar rumbu. Ƙwayoyin cuta da yawa suna son ƙarfen nan, don haka in jiki ya ji yaƙi sai ya kulle shi. Feritin ya kan ninka har ya shiga dubbai ga wanda cutar ta tsananta masa.

Amma wanda na fi so ku riƙe shi ne albumin, domin shi sauka ya ke yi lokacin da sauran ke hawa. Albumin ya fi kowane furotin yawa a jini, giram 35 zuwa 50 a lita, kuma babban aikinsa riƙe ruwa a cikin jijiyoyi. Iyaye mata kun san yaron da aka yaye ba a ba shi abinci mai gina jiki ba, ƙafafunsa da fuskarsa su kumbura, gashinsa ya yi ja. Ƙarancin albumin yana cikin abin da a ke samu a jinin irin yaron nan. Ga mai korona abu biyu ke haɗuwa. Hanta ta rage ƙera shi don ta koma kan kayan yaƙi, sa'an nan bangon ƙananan jijiyoyi ya yi laushi yana yoyo kamar sabon tulu, albumin na fita, ruwa na binsa. Ina ruwan ya ke taruwa? A huhu. Huhu kuwa 'yan jakunkunan iska ne miliyoyi, kamar saƙar zuma, bangonsu ya fi fatar albasa sirantaka, ta nan iska ke ratsawa ta shiga jini. In suka cika da ruwa, mutum na jan numfashi amma iskar ba ta isa inda a ke bukatarta. Dattijonmu yana kwance a kan gadonsa, amma halinsa ɗaya da wanda ya faɗa kogi.

Ku lura da wannan da kyau. A mako na biyu ƙwayar cutar ma ta fara raguwa a jiki. Yawancin ɓarnar da a ke yi a lokacin, 'yan sintirin gida ne ke yin ta. Sun fito korar ɓarawo, suka sa wa ɗaki wuta don ya fito.

Sauran zancen gudan jini, wanda ya ba likitoci mamaki ƙwarai a farkon annobar. Ku koma ga kwanon jinin rago. Abin da ya ɗaure gudan nan wani furotin ne mai suna fibirinojin, yana narke cikin ruwan jini, giram 2 zuwa 4 a lita. In an ji rauni sai ya juye ya zama zare, ya saƙa raga, ƙwayoyin jini su maƙale, jini ya tsaya. Rahama ce, ba don shi ba kaciya ko haihuwa sai ta kashe mutum. To, yekuwar sankira ta kan sa hanta ta ninka shi, ga bangon jijiyoyi ya ƙuje, ga majiyyaci a kwance ba motsi, ga zazzaɓi ya ƙone masa ruwan jiki. Sai raga ta fara saƙuwa a cikin jijiya, inda ba rauni. Ƙananan gudaji su toshe jijiyoyin huhu. Babba ya kan taru a ƙwauri ko cinya, ya ɓalle, ya bi jini ya je ya tsaya a huhu, ko wani ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa a sami shanyewar ɓarin jiki. A birnin Hambug na Jamus, a 2020, likitoci sun binciki gawa 12 ta waɗanda korona ta kashe. Bakwai suna da gudan jini a jijiyar ƙafa ba wanda ya sani, huɗu kuwa gudan da ya toshe huhu ne ya kashe su.

Jiki ya kan yi ƙoƙarin tsinka ragar, kuma guntayen da ke faɗowa su a ke kira di-daima. In ka ga toka ka san an hura wuta, in likita ya ga di-daima ya hau ya san ana saƙa ana tsinkawa a wani wuri. Likitocin Wuhan ta ƙasar Sin, inda cutar ta fara bayyana a Disamba 2019, sun duba majiyyata 191, waɗanda 54 daga cikinsu suka rasu. Suka ga wanda ya zo asibiti di-daimansa ya ninka na mai lafiya sau biyu ko fiye, shi ya fi shiga hatsari. Tun watan Maris 2020 aka buga wannan. Shi ya sa in an kwantar da mai korona a kan yi masa wata 'yar allura a fatar ciki, sunanta hefarin, don hana jini daskarewa. Kada ku ce za ku yi wa kanku wannan da asfirin. An gwada asfirin a kan dubban majiyyata a Ingila, bai rage mutuwa ba, ya kan kuma sa zubar jini a ciki.

Waɗannan da na ambata kaɗan ne daga ciki. Yanzu akwai injunan da ke auna ɗaruruwan furotin a ɗigon jini guda. Da irinsu masana a Sin suka sami furotin 93 da suka canja a jinin masu korona mai tsanani, na Balin da Landan kuma suka ware 27 masu hawa da sauka gwargwadon nauyin ciwon. Mafi yawansu dangin waɗanda na gaya muku ne, na kumburi da na daskarewar jini. Irin injunan nan na masu bincike ne, ba su shafe mu a nan ba. Albumin da CRP dai ana iya auna su a manyan asibitoci, di-daima kuwa ba ko'ina ba.

Yanzu bari in taɓo abin da ke hana mu cin amfanin wannan ilmi. Sau da yawa in aka ce za a ɗebi jinin majiyyaci, sai dangi su ɓata rai. "Mutumin da ba ya cin abinci, ɗan jinin da ya rage masa za ku zuƙe?" Wasu ma har su ce sayarwa a ke yi. Jama'a, abin da a ke ɗiba a 'yar kwalba bai wuce ƙaramin cokalin shayi ɗaya ba, jikin babban mutum kuwa yana da cokali dubu. Ko kwalba uku aka cika, ba abin da ya ragu da za a ji, kuma kafin kwana biyu ruwan ya mayar da kansa. Wa zai sayi jinin marar lafiya cokali guda? In kuma aka sake zuwa ɗiba bayan kwana biyu, ba ɓatar da na farko aka yi ba. Awo ɗaya ya kan nuna inda mutum ya ke, na biyu shi ke nuna inda ya dosa.

Sai dai kada ku ɗora wa awon jini abin da ba nasa ba. Ba shi ke faɗin cewa korona ce ba, wannan aikin ɗan tsinken audugar da a ke sa wa a hanci ne. Zazzaɓin cizon sauro ma ya kan ta da CRP da feritin, haka taifot, haka tarin fuka. Mace mai ciki di-daimanta a sama ya ke ko tana lafiya lau, haka mai sikila. A ƙasarmu kuwa ba abin mamaki ba ne a sami mutum da zazzaɓin sauro da korona gaba ɗaya. Don haka in an auna an ce akwai zazzaɓin sauro, an sha magani kwana uku, amma tari na ƙaruwa numfashi na nauyi, kada a zauna a ce ai maleriya ce mai taurin kai. A koma. Kuma takardar awo ba ta mai kemis ba ce, ba ta ɗanku mai duba waya ba ce. Wanda ya ga majiyyaci da idonsa ya sa masa abin sauraron ƙirji, shi zai fassara ta.

To, mene ne amfanin sanin duk wannan in ba magani? Akwai magani, kuma daga wannan sanin ya fito. Da likitoci suka gane wutar gida ce ke kisa a mako na biyu, sai suka nemi abin da zai lafar da ita. A Ingila, ƙarƙashin jagorancin malaman Jami'ar Okusfod, aka ba majiyyata 2,104 wani tsohon magani mai araha, dezametason, miligiram 6 kullum har kwana goma, aka gwama su da 4,321 da ba a ba su ba. Ran 16 ga Yuni, 2020, aka faɗi sakamako. Cikin waɗanda inji ke yi wa numfashi, mutuwa ta sauko daga 41 cikin 100 zuwa 29. Cikin waɗanda ke kan iskar oksijin, daga 26 zuwa 23. Amma ga waɗanda ba su kai ga bukatar iska ba, bai amfana musu kome ba, har ma alama ta nuna ya fi kusa da cutarwa.

Ku sake jin wannan na ƙarshe, domin a nan ne mu ke da matsala. Dezametason ba baƙo ba ne a garinmu. Yana cikin ƙwayoyin da a ke kira sha-ka-fashe, waɗanda 'yan mata ke saye a kemis da wurin masu talla don su yi ƙiba, abin da ma bai kamata a yi ba ko kusa. Da labari ya bazu cewa yana maganin korona, sai wasu suka riƙa sha tun ranar farko ta mura. Ku auna da hankalinku. A makon farko masu gadi a ke bukata su tashi, maganin nan kuwa kwantar da masu gadi ya ke yi. Wanda ya sha shi da wuri ya buɗe wa ɓarawo ƙofa da hannunsa. Ga mai ciwon sukari kuma ya kan harba sukarin sama har ya suma. Ƙwayar guda ce, lokacin ba da ita ne ya raba ceto da cuta, lokacin kuwa likita ke saninsa, ta wurin auna iska da duba jini.

Akwai wani kuma, tosilizumab, wanda ke toshe kunnen jiki kada ya ji yekuwar intalukin 6. A gwajin Ingila waɗanda ke kan iska kuma CRP ɗinsu ya kai 75 aka ba, ya kuwa ƙara tsirar da kamar mutum 4 cikin kowane 100. Kun ga inda awon jini da kansa ya zaɓi wanda za a ba magani. Yana da tsada ƙwarai, samunsa a nan da wuya. Kulorokwin da aka yi ta rububinsa a 2020, har wasu suka sha ya yi musu illa a Ikko, an gwada danginsa a asibitocin Ingila ba a ga amfani ba. Masu tambaya ko ƙarin jini zai taimaka, shi ma an gwada ƙara wa majiyyatan da ke kwance ruwan jinin waɗanda suka warke, bai rage mutuwa ba.

Na san yawancinku ba kusa da babban asibiti ku ke ba, asibitin sha-ka-tafi ne naku, can kuwa ba a auna feritin. Ba kome. Abin da ke faruwa a jini yana da alamun da ido ke gani, in an san ranar da za a duba. Ku riƙe ranar da ciwo ya fara, ku ƙidaya kwanaki. Daga na biyar zuwa na goma sha biyu a sa wa majiyyaci ido sosai, ko da zazzaɓin ya sauka, musamman in ya haura shekara 60, ko yana da sukari, ko hawan jini, ko ciwon ƙoda, ko ƙiba mai yawa, ko mace ce mai ciki. Ku ɗauki agogo ko waya, ku ƙidaya sau nawa ƙirjinsa ke ɗagawa a minti guda yana kwance. Babba mai lafiya 12 zuwa 20 ne. In ya wuce 24 a kai shi a duba, in ya kai 30 a nemi mota ko da tsakar dare ne. Haka in ba ya iya gama magana sai ya tsaya ya huta, ko zuwa bayan gida ya sa shi haki, ko ƙirji na ciwo, ko ya fara ruɗewa yana barcin da ba a gane ba, ko fitsari ya ɗauke, ko leɓe da harshe sun yi duhu.

Wani abin tsoro da cutar nan shi ne, iska ta kan ragu a jini mutum bai ji ba. Yana zaune yana taɗi, ya ce muku shi lafiyarsa ƙalau, alhali ya kusa faɗuwa. Don haka in malamin asibitinku yana da ɗan abin nan da a ke maƙala wa a yatsa, ku roƙe shi ya auna. Mai lafiya 95 ne zuwa sama. In ya sauko 93 ko 92, a tafi babban asibiti, ƙasa da 90 kuwa ciwo ya tsananta, sai iskar oksijin. A sani kuma, an gano abin nan ya kan ƙara wa mai baƙar fata lamba kaɗan bisa gaskiya, baƙin lalle da jan farce da sanyin hannu su ma suna ruɗa shi. In lamba ta ce lafiya amma idonku ya ga mutum na haki, ku bi idonku.

Ku na cikin Kaduna, asibitin Yusuf Ɗantsoho na nan Tudun Wada, ga Barau Dikko a cikin gari, ga Gwamna Awan a Kakuri, na wajen Zariya kuma ga Shika. Ku tafi da duk magungunan da majiyyaci ya sha, har na gargajiya, ku faɗi gaskiya in ya sha sha-ka-fashe, domin ya kan danne zazzaɓi da CRP ya ɓatar da likita. Kafin a sami mota a jingine shi zaune, a buɗe taga, mai jinya ya rufe hanci da baki. A ba shi ruwa da kunu kaɗan-kaɗan in yana iya haɗiya. Turare da hayaƙi a ɗakin mai haki ƙara masa wuya su ke yi.

In Allah ya ba da sauƙi aka sallamo shi, kada a ɗauka jini ya koma daidai ran nan. CRP ya kan sauka cikin 'yan kwanaki, amma albumin a hankali hanta ta ke mayar da shi, sai an yi makonni. A nan ne abinci ke da aiki: wake, da ƙwai, da nono, da kifi, da gyaɗa, da nama in da hali. Mai sukari a ci gaba da auna sukarinsa. Ya riƙa tashi yana 'yar tafiya a tsakar gida, kada ya wuni a kwance, domin hatsarin gudan jini bai wuce ba tukuna. In ƙafa guda ta kumbura tana zafi ɗayar kuwa lafiya, kada a murza, kada a kira wanzami ya yi ƙaho. A koma asibiti ran nan.

Allurar rigakafin korona ta iso Nijeriya ran 2 ga Maris, 2021. Abin da ta ke yi shi ne ta sa jiki ya ƙera nasa furotin masu gane ƙwayar tun ba ta zo ba, don kada mai gadi ya makara. Dattawa da masu sukari da hawan jini, ku tambayi malamin asibitinku ko akwai ta a wurinsa, in babu ya gaya muku inda za a samu.

Mu kwana nan. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, na gida da na asibiti.